Gawon gonar gado: a sare ko a bari?

Wani ɗan'uwa ne ya turo min tambaya, ga yadda ya rubuto a taƙaice: "Salam malam, mun gaji gona wajen mahaifinmu akwai manyan gawo guda huɗu a ciki, yayana ya ce a sare a sayar wa masu itace don tarakta ta samu hanya. Ni kuma na lura geron gindinsu ya fi kyau, kuma ban cika ganin wuta-wuta a wurin ba. Marigayi Baba yana yawan cewa gawo abokin gero ne. Shin akwai ilimi a ciki ko dai faɗar tsofaffi ce kawai?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Gajeriyar amsa ita ce kar ku sare, abin da idonka ya gani gaskiya ne kuma an auna shi an tabbatar. Amma na san in na tsaya nan ba abin da za ka iya gaya wa yayanka, shi kuma yana da lissafinsa na kuɗin itace a hannu, to bari in ɗan ja maganar, ka yi haƙuri da tsawonta.

Da farko dai ba gawo da gero ne kaɗai a gindin bishiyar nan ba. In ka ƙirga waɗanda ke da hannu a abin da ka gani za ka samu saniya a ciki, da gara, da buzuzu, da wasu ƙananan halittu iri biyu da ido baya gani, sannan ita kanta wuta-wutar, ciyawar nan mai tsotson saiwar hatsi. Kowa neman cikinsa yake, babu wanda ya zo yi wa wani sadaka, sai dai neman cin wani yakan zama alherin wani, wani lokacin kuma ya zama ajalinsa. A aji mukan raba wa ɗalibai zaman halittu gida uku, akwai zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka inda kowa ke ƙaruwa, akwai wanda ɗaya ke ƙaruwa ɗayan bai ci ba bai yi asara ba, irin na belbela da muke wa kirari ci da motsin wani, saniya na tafiya tana tada fari da ƙwari ita kuma tana bi tana caɓewa, sai na uku na kaska raɓi mai jini, ɗaya na ci ɗaya na ramewa. Rabon yana da amfani a jarrabawa. A gona kuwa za ka ga halitta ɗaya yau tana wannan gida gobe tana wancan, ya danganta da yanayin ƙasa da lokacin shekara, kuma wannan ne asalin amsar tambayarka.

Mu fara da shi gawon. Abin da ya bambanta shi da kusan duk itatuwanmu shi ne baya bin jama'a, damina na faɗuwa kowa na kore shi kuma sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara kamar ya mutu, sai ruwa ya ɗauke wajen Oktoba sannan ya fito da sabon ganye ya yi fure, ya yi ta sheƙi duk tsawon rani. Yana iya hakan ne saboda saiwarsa ta tsakiya tana nutsawa ƙasa sosai har ta tarar da ruwan ƙarƙashi, a Senegal masu bincike sun bi ta har zurfin da ya haura mita 30. To ka ga amfanin wannan ga gero biyu ne. Lokacin da gero ke buƙatar rana babu inuwa mai duhu a kansa, sai ɗan labulen rassa, kuma lokacin da yake buƙatar ruwan sama-sama gawo baya rububi da shi sosai tunda shi yana hutu. Gwada wannan da darbejiya ko turare ka gani, ko ma ɗorawa da kaɗanya, su waɗannan hatsin gindinsu raguwa yake yi, muna barinsu ne don kalwa da man kaɗe sun biya kuɗin inuwarsu.

Sannan ganyen da ya zubar a farkon damina ƙananu ne, ruwa biyu uku sun ruɓe, kenan taki ne da aka watsa maka daidai lokacin shuka ba ka biya ɗan ƙwadago ba. Kuma ganye ne mai naitirojin, sinadarin nan da kake saya a buhun yuriya. Daga ina ya samo? Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce amma tsiro baya iya cinta haka nan, sai an sarrafa masa, masu sarrafawar kuma wasu bakteriya ne da ke zama a saiwar dangin wake, gawo kuwa ɗan gidan su wake da gyaɗa ne, duba kwanson 'ya'yansa za ka gane. In kana so ka ga abin da idonka ba sai ka haƙa gawo ba, ka je gonar wake da ya kai kamar sati biyar ko shida, ka sa hauya ka ɗago gindi ɗaya a hankali kar ka fizga, ka karkaɗe ƙasar, za ka ga ƙananan ƙulu-ƙulu manne a saiwa kamar ƙwayar dawa. Sa farce ka fasa ɗaya. In cikinsa ja-ja ne kamar naman da bai gama dahuwa ba to ma'aikata na kan aiki, in fari ne ko kore to ko bai fara ba ko ya gama. Na sha yi wa manoma wannan a gona, akwai dattijon da ya ce min shi duk rayuwarsa ya ɗauka cuta ce ke kama saiwar. Wake ya ba su ɗaki da sukarin da ganyensa ya haɗa, su kuma su biya haya da taki. Amma ka lura, in ka cika wa wake yuriya sai ya rage yin ƙulu-ƙulun, tunda ya samu a banza me zai sa ya ciyar da ɗan haya. Ka ga abotar ma da lissafi take tafiya.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, masu tallar gawo sukan zuzuta wannan ɓangare fiye da kima, kamar duk ƙarfin ƙasar gindinsa daga bakteriyar nan ya fito. Ba haka ba ne. Babban kaso daga dabbobi yake zuwa. A bazara lokacin da ƙasa ta yi ƙwal babu ciyawa, rana na dukan ƙwaƙwalwa, ina shanu da awaki ke taruwa? Gindin gawo, don shi kaɗai ke da inuwa kuma a lokacin ne 'ya'yansa ke faɗowa, jajayen nan masu murɗewa da ake tarawa a buhu har a kai kasuwa. Dabba ta ci ta kwanta ta yi tuƙa ta yi kashi da fitsari a nan, wato ta kwaso abincin da ta tsinto a faɗin daji ta zo ta sauke a wuri ɗaya. Shi gawon ma ba asara ya yi ba, ƙwayar irinsa tauri gare ta kamar tsakuwa, in ta faɗi haka nan tana iya daɗewa ba ta tsiro ba, amma in ta bi ta cikin saniya wasu su narke wasu su fito ɓawonsu ya yi laushi, an kai su nesa, an kuma ajiye su a cikin taki. Shi ya sa za ka ga ƙananan gawo na yawan fitowa a burtali da makwantar shanu.

Kashin da aka yi kuma ba zai shiga ƙasa da kansa ba. Buzuzu ya mulmula ya binne don ya sa ƙwansa, gara ta ja kara da busasshen kashi zuwa ramukanta. Gara dai kowa ya san ɓarnarta, ta ci zana ta ci rumbu ta ci littafi, ba wanda zai ce mata abokiya a cikin gida, amma a fako inda ƙasa ta daskare ruwa ke gudu a kai, ita ce ke huda ƙofofin da ruwa ke shiga. Manoman Tawa a Nijar da na arewacin Burkina Faso da ke haƙa ƙananan ramuka su zuba taki kafin damina, wanda ake kira tassa ko zai, da gangan suke gayyatar gara ta zo ta yi musu wannan aikin. Akwai ma binciken da aka yi a tashar binciken amfanin gona ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai da ya nuna wani lokaci gawo ne ke dacewa da wuri mai kyau tun farko, irin tsohon shuri, shi ya sa ya girma a nan 'yan'uwansa suka mutu. A can ne kuma aka nuna ɗan inuwar rassan nan na rage zafin ƙasa lokacin da gero ke jariri, wanda duk wanda ya taɓa ganin shuka ta ƙone a jigawa bayan ruwan farko ya san ba ƙaramin abu ba ne. Kenan dalilan sun taru ne suka yi yawa, ba guda ɗaya ba.

To yanzu ga wuta-wuta, ko ƙuduji kamar yadda wasu ke ce mata, kuma nan ne ni abin ya fi burge ni duk shekarun da na yi ina wannan aiki.

Irinta kamar ƙura yake, gindi ɗaya na iya zubar da dubun dubata, kuma yana iya kwanciya a ƙasa shekara 10 ko fiye yana jira. Ba shi da guzurin da zai kai shi ko'ina, in ya tsiro bai samu saiwar da zai kama cikin 'yan kwanaki ba ya mutu, don haka baya tsirowa don ruwa ya sauka kawai, sai ya ji ƙanshin saiwar gero ko dawa ko masara a kusa da shi. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, to me zai sa gero ya riƙa fitar da sinadarin da ke tada maƙiyinsa daga barci? Tun 1966 aka gano sinadarin, a saiwar auduga ma aka fara samo shi, amma sai a 2005 wasu masu bincike a Japan suka gano ainihin wanda ake kira da shi. Ashe akwai wani fangas a ƙasa, dangin funfuna da lemar kwaɗi, mai zare siriri fiye da gashi, da ke shiga saiwar yawancin tsirrai ya miƙa zarensa nesa inda saiwa ba ta kaiwa, ya jawo fosfaras, sinadarin takin supa, ya kawo wa tsiron, shi kuma a biya shi da sukari. Gero in ya ji yunwa sai ya fitar da wannan sinadari yana kiran abokin cinikinsa. Ita kuma wuta-wuta tana laɓe tana saurare. Kamar mutum ne ya leƙo ƙofa da dare yana ƙwala wa maƙwabcinsa kira ya kawo masa agaji, ɓarawo na bayan katanga ya ji ya gane akwai mutum a gidan kuma ba shi da ƙarfi.

Ka ga inda maganar ta dosa. In ƙasa ta gaji, babu naitirojin babu fosfaras, gero ƙara ɗaga murya yake, wuta-wuta da yawa su farka. In ƙasa na da ƙarfi kiran sai ya ragu, waɗanda suka farka kaɗan ne, kuma geron na da jikin da zai jure su. Shi ya sa tsofaffi ke cewa wuta-wuta alamar gona ta mutu ce, kuma sun yi daidai. Gindin gawonku ƙasa ce mai ƙoshi a tsakiyar gona mai yunwa, ga kuma sanyin ƙasar da ita wuta-wuta ba ta so, ta fi son ƙasa mai zafi. Wani malamin aikin gona na Jami'ar Maiduguri ya wallafa bincike a 2007 kan gonakin gero inda ya samu wuta-wuta ba ta fito ba sam a ƙarƙashin gawo alhali tana nan a fili, kuma zangarniyar da aka girba a gindin ta kai kusan ninki uku. Tun shekarun 1960 ma an auna irin wannan bambanci a Bambey ta Senegal. Ba na ce kowace gona sai ta ba da ninki uku ba, in gonarku na shan taki sosai bambancin zai ragu, amma a jigawar da ba ta samun taki yana fitowa ƙarara.

Wani abu da ya kamata ka sani, ranar da ka ga furen nan mai ruwan hoda ya ƙawata gona to an riga an gama cutarka. Wuta-wuta takan yi sati huɗu zuwa bakwai a ƙarƙashin ƙasa tana tsotso kafin ta leƙo. Ka samu gindin gero da ya tsugune ya ƙi tashi, ganyensa ya yi kamar an babbaka alhali ga danshi a ƙasa, ka haƙa shi da ƙasarsa ka wanke a bokiti a hankali, za ka ga wasu fararen tsiro masu kauri kamar tsutsa manne da saiwar, wani gindin ka ƙirga fiye da goma. Na farko da na gani da idona sai da tsigar jikina ta tashi.

Kuma tunda kunne take bi ana iya yaudararta. Auduga da waken suya da gyaɗa suna fitar da irin wannan kiran amma wuta-wutar hatsi ba ta iya kama saiwarsu, sai ta farka ta rasa mai riƙe ta ta mutu, shi ya sa juya shuka ke rage ta a hankali. Sai dai ka kula, wake na da tasa wuta-wutar daban, gajeruwa, wadda ba ruwanta da gero, don haka in gonar na da ita ka nemi irin wake mai jurewa, cibiyoyin binciken aikin gona na IITA da IAR ta Samaru sun fitar da su.

Kar kuma ka tafi da tunanin cewa gawo waliyyi ne. Yana da ƙaya, tsuntsaye na sauka a kansa su far wa gero in ya fara ido, kuma in aka yi masa mummunan sara a rani yakan rikice ya fito da ganye cikin damina, ya kuma rage 'ya'ya shekara mai zuwa, ka ga wanda ya cika sassaka shi da hannunsa ya mai da shi mai inuwa kamar sauran. Shi ma yana da mai cinsa, kauci, da tsuntsu ke kawo irinsa mai danƙo ya goge baki a reshe, ya tsiro ya huda ya yi ta shan ruwan bishiyar, in ka gan shi ka sare reshen tun yana ƙarami. Haka carki da muke gani a bayan shanu, an daɗe ana koyar da cewa cire wa saniya kaska yake don Allah, kuma yana cin kaskar, amma ka tambayi duk Bafulatanin da ke kiwo zai ce maka in saniya na da miki carki baya barinsa ya warke, jinin yake sha. An gwada a Zimbabwe, aka riƙa kore tsuntsun daga wasu shanu aka bar shi a kan wasu, kaskar ba ta bambanta sosai ba amma mikin waɗanda yake hawa ya fi daɗewa. To wane gida za ka sa shi a cikin ukun nan?

Ni kaina lokacin da na fara aikin malamin gona abin da aka koya mana shi ne gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, a tumɓuke kututture a bar fili don garma, kuma na faɗa wa mutane haka da bakina, akwai gonar da na tsaya aka ƙone kututturan gawo da sabara ina ganin ci gaba na kawo. Bayan wasu shekaru na bi ta wurin iska ta kwashe saman ƙasar, furen wuta-wuta har bakin hanya. Mutanen Nijar sun riga mu dawowa daga rakiyar wannan tunani, tun wajen 1983 a yankin Maraɗi aka fara abin da suke kira sassabin zamani, wato in kana sassabe ka zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a kututture ka bar shi ka rage sauran, kuma an ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta haka ya kai hekta miliyan 5. In ka taɓa bin hanyar Magarya ko Matamaye a ƙasar Damagaram cikin rani ka ga gawo a gonaki iya ganinka. Shi kuwa wanda ya sare babban gawo yau, ko ya dasa wani gobe, sai 'ya'yansa ne za su ga irin inuwar.

Game da yayanka, kar ka je masa da lacca, girmansa ne kuma maganarsa ta tarakta ba shirme ba ce. Bishiya huɗu dai direba na iya zagaye su, abin da ake yi shi ne a rage rassan ƙasa da ke taɓa kan tarakta, itacen da aka samu ya shiga murhu, a bar saman. Ka roƙe shi alfarmar damina ɗaya tak. In an yi shuka ku auna taki goma tsawo goma faɗi a gindin gawo ɗaya ku kafa turaku, ku auna irinsa can tsakiyar fili nesa da kowace bishiya, iri ɗaya, noma ɗaya, in za a sa kamfa a sa daidai. Wajen ƙarshen Agusta ku je tare ku ƙirga wuta-wutar kowane, da kaka kuma a ɗaure na kowane daban a sussuka a auna da tiya a gabansa, ku ɗora da buhunan 'ya'yan gawon da kuka tara a bazara kan farashin kasuwarku, sai a ajiye kusa da kuɗin da mai itace ya taya, wanda sau ɗaya za a karɓa. Wuta-wutar da kuka ƙirga kuma kar ku bar ta a tsaye, ku tuge ta kafin furen ya zama iri, ku tara a rami ku ƙone, kar a zubar a kan iyaka kuma kar a ba dabbobi wadda ta riga ta yi iri, don ta kashinsu za ta dawo muku gonar.